Teku na ƙara cika: abin da ya kamata mu sani game da tumbatsarsa

 Yau zancenmu na teku ne. Na san wata za ta ce, to mu da muke Kano ko Zinder, ina ruwanmu da teku? Ai kuwa da ruwanmu. Wace unguwa ce babu wadda 'yarta ke aure a Legas, ko mijinta ke fatauci a Kwatano, ko ƙaninta ke zaune a zangon Akra? Duk waɗannan garuruwa a bakin teku suke, kuma tekun nan ba ya nan inda kakanninmu suka bar shi.

Masana sun daɗe suna auna tsayin ruwan teku. Da can da wani ma'auni da ake kafawa a tashoshin jiragen ruwa ake yi, daga 1993 kuma aka haɗa da tauraron ɗan adam. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2021 ya nuna cewa daga 1901 zuwa 2018 ruwan teku ya ƙaru da kamar santimita 20, wato kusan taƙi guda. Abin dubawa shi ne saurin. Kafin 1971 ƙarin bai wuce milimita 1.3 a shekara ba, amma tsakanin 2006 da 2018 ya kai milimita 3.7, kusan ninki uku ke nan.

Taƙi guda, 'yar uwa, sai ki ga kamar ba komai ba ne. To ki tuna bokitin da kike ɗaukowa daga rijiya. In rabi ne ruwan, ko kin yi tuntuɓe ba ya zuba. In kuwa kin cika shi taf, ɗan girgiza kaɗan sai ya jiƙa miki zane. Haka teku yake. Ba a rana mai lafiya yake cin gida ba, sai ranar da abubuwa suka haɗu masa.

Na farkonsu wata ne, wannan dai da muke duba don azumi da salla. A yawancin wurare teku yana cika ya janye sau biyu a yini, saboda jan da wata da rana suke yi masa. Cikar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar sabon wata, da kuma wajen daren sha huɗu. In aka yi rashin sa'a iska mai ƙarfi ta turo ruwa bakin gaɓa a daidai wannan lokaci, ga manyan igiyoyi a kai, shi ne za ki ji an ce teku ya yi tumbatsa. A gaɓar Afirka ta Yamma ba mu da irin guguwar da ke afka wa Bangaladash ko Amurka. Manyan igiyoyin da ke dukan Legas daga can kudancin tekun Atlantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomitoci, kuma sun fi ƙarfi da damina. Wani lokaci gari garau, babu hadari, sai ga ruwa a titi. Da masana suka bi bayanan shekaru masu yawa, sun gano cewa a mafi yawan wurare ba guguwar ce ta ƙara tsanani ba, bokitin ne ya ƙara cika.

To me ke cika shi? Ruwa ba ya tsami banza. Hayaƙin man fetur da gawayin kwal da iskar gas ya ɗumama duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafi teku ne ya shanye. Ruwa kuwa in ya ji zafi kumbura yake yi. Sannan ga ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsu da ta Girinlan da Antatika tana narkewa tana gangarowa. Akwai kuma abubuwan da ke zuwa su wuce, kamar yanayin nan da ake kira El Nino, wanda a 1997 zuwa 1998 ya ɗaga ruwa a gaɓar yammacin nahiyar Amurka na tsawon watanni. Ko shi wata yana da wani zagaye na shekara 18 da 'yan watanni da ke ƙara ƙarfin cikar teku ko ya rage. Kwamitin nan ya yi kiyasin cewa zuwa 2100, irin tumbatsar da a da sai shekara ɗari ake ganinta sau ɗaya, za ta riƙa zuwa kowace shekara a fiye da rabin wuraren da ake awo.

Amma kada mu ɗora wa sauyin yanayi komai, don akwai hannun mutane na kusa. A Legas, tun farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa. Katangun suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai bakin ruwan Bar Beach ya yi ta zaizayewa, har ya zama teku na hawa titin Ahmadu Bello da ke Biktoriya Ailan. A watan Agusta na 2012 tumbatsa ta afka wa bakin ruwan Kuramo da dare, ta tafi da mutane fiye da goma. Yanzu an cike wajen Bar Beach da yashi, an yi katuwar katanga, ana gina unguwar Eko Atlantic. Masu hali sun samu kariya. Masunta da talakawan da ke gabas da wajen kuwa suna kukan cewa ruwan ya koma kansu. Ni dai a ganina, katangar da ta tsaya iya ƙofar mai kuɗi ba ta gama aikinta ba.

A Gana ma haka ne. Tun da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin Bolta a 1965, yashin da kogin ke kai wa gaɓa ya ragu, garin Keta ya rasa gidaje da tituna. A Nuwamba 2021 ruwa ya sake shiga Keta da ƙauyukan kewaye, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Matan wajen da yawansu sana'ar banda kifi suke yi. In ruwa ya cinye murhu da itace da kifin da aka shanya, jari ya tafi ke nan. Wani wurin kuma ƙasar ce ke nutsewa saboda yawan haƙa rijiyar burtsatse, kamar Jakarta, inda wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Indunusiya ta sanar a 2019 cewa za ta gina sabon babban birni a tsibirin Borniyo.

Akwai abin da ya fi shafarmu mu mata. A guguwar Bangaladash ta 1991 mutane kusan 140,000 suka rasu, kuma mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Da yawa ba su iya iyo ba, gargaɗi bai iso su cikin gida ba, wasu kuma sun tsaya jiran maigida ya dawo. Daga baya ƙasar ta gina dubban wuraren fakewa, ta sa mata cikin masu shiga gida-gida da gargaɗi, mace-mace suka ragu ƙwarai. A can ɗin dai likitoci sun gano alaƙa tsakanin shan ruwan da gishirin teku ya shiga da hawan jini ga masu juna biyu.

Saboda haka Hajiya, in 'yarki za ta tare a Legas ko Lome ko Duwala, kafin a biya kuɗin haya a duba jikin bango, ruwa yakan bar shaida. A tambayi matan maƙwabta, sun fi dillali faɗin gaskiya. Takardun haihuwa da na makaranta a ƙulle su a leda a ɗora sama. In ruwan rijiya ya fara ɗanɗanon gishiri, mai ciki ta nemi wani, ta kuma riƙa zuwa awo ana duba jininta. In an yi ruwan sama mai yawa a daidai cikar teku, magudanu ba sa iya zubarwa, ruwa baya yake dawowa, don haka a lura da kwanan wata. Ku kuma yi magana da maigida tun yanzu, a yi shawara cewa in hukuma ta ce a tashi alhali ba ya nan, ki kwashi yara ki fita, ku haɗu a wuri kaza.