Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Aikin Masu Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama



Wannan lacca za ta duba aikin wani ma'aikaci wanda matafiyi ba ya ganinsa, amma bayan ikon Allah ransa yana hannunsa, watau mai kula da zirga-zirgar jiragen sama. Babban aikinsa shi ne ya hana jirgi kusantar ɗan'uwansa. Bisa ƙa'ida, tilas a sami ratar ƙafa 1,000 tsakanin jirgin da ke sama da wanda ke ƙasa da shi, ko kuwa mil 5 na teku in tsayinsu ɗaya ne kuma rada tana ganinsu. Jirage biyu masu gudun kilomita 800 a awa, in sun fuskanci juna, kusan kilomita 27 su ke cinyewa a minti guda. Ashe lokacin shawara ba shi da yawa.

Saboda haka aka ƙago manhajojin kwamfuta masu taimaka masa wajen yanke shawara. Ta farko tana duba hanyar da kowane jirgi ya nufa, da gudunsa, da halin iska, ta nuna inda hanyoyi biyu za su haɗu tun da sauran kimanin minti 20. Ta biyu ƙararrawa ce, tana gargaɗi in saura kamar minti biyu jirage su keta ƙa'idar rata. Ta uku tana jera jirage masu sauka, ta ba kowanne lokacinsa, don a rage shawagin jira da ƙona mai a banza. A filin Heathrow na Landan, a shekarar 1915 da ɗari, watau 2015, aka fara auna ratar jirage masu sauka da lokaci maimakon nisa, domin iska mai ƙarfi daga gaba takan rage gudunsu ta jawo jinkiri.

Ba a san darajar inuwa ba sai an sha rana. A daren 1 ga Yuli 2002, wani jirgin fasinja na Rasha da wani jirgin kaya suka yi karo a sararin garin Überlingen na Jamus, mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A cibiyar Zurich ta Switzalan, wadda ke lura da wannan yanki, mutum ɗaya ne ke tsare allo biyu. Ana kuwa gyaran na'urori a daren, don haka alamar gargaɗin da kan bayyana a allo ba ta aiki, wayar tarho ma ta yanke. Ma'aikatan cibiyar Karlsruhe sun ga gargaɗin a nasu allon, suka yi ta kira ba su same shi ba. Da ya farga, sai ya umurci jirgin Rasha ya yi ƙasa, alhali na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin tana cewa ya yi sama. Matuƙan suka bi umurnin mutum, jirgin kaya kuwa ya bi tasa na'urar ya yi ƙasa. Bayan wannan aka ƙarfafa doka cewa in irin wannan saɓani ya auku, matuƙi ya bi na'urar jirginsa.

Darasin a fili ya ke. Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta mantuwa, kuma ta fi mutum saurin lissafi. Amma mutum ne ke magana da matuƙin da injinsa ya lalace, shi ne ke zaɓen wanda zai fara sauka in hadari ya rufe fili. Don haka hukumar da ta sayi na'ura, ko a Kano ko a Yamai, ba ta gama aiki ba sai ta horar da ma'aikatanta, ta wadata su, ta kuma tanadi abin da za a yi ranar da na'urar ta tsaya.

Allah ya kiyaye matafiya. Wassalam.