Mabiya ko 'Yan Kallo: Auna Tasirin Mutum a Intanet



Da yake ni malamin harshe ne, sai ku yi mini haƙuri in fara da kalma. Sa'ad da kafofin sada zumunta suka shigo ƙasar Hausa, sai muka ɗauki kalmar "mabiyi" muka laƙaba wa duk wanda ya danna maɓalli domin ya riƙa ganin rubutun wani. A ganina rigar nan ta yi masa yawa. Mabiyi a wurin Bahaushe shi ne wanda ya tsaya bayan liman, ko ya karɓi wuridi a hannun shehi, watau wanda in an ce masa tashi, zai tashi. Mai danna maɓalli kuwa galibi ɗan kallo ne, irin wanda kan tsaya a bakin fage ana dambe, in an watse ya kama gabansa. To, in mutum ya ce yana da mabiya miliyan ɗaya, mutum nawa ne maganarsa ke tayarwa?

Mutanen Amurka sun yi ƙoƙarin amsa wannan da lissafi. A 2008 aka kafa wani kamfani mai suna Klout a birnin San Francisco, yana ba mutane maki daga 1 zuwa 100 gwargwadon tasirinsu a intanet. Har aka kai lokacin da mawaƙin nan Justin Bieber ya sami 100 cif, Shugaba Obama yana ƙasa da shi. Da ba'a ta yi yawa, sai suka gyara ma'aunin a 2012, Obama ya hau gaba. Ma'aunin da ake gyarawa domin ya fito da amsar da aka riga aka sani, ai mudu ne da aka bubbuge gindinsa. A 2018 aka rufe kamfanin.

Aikin da ya fi wannan nauyi shi ne wanda Meeyoung Cha da abokan aikinta suka buga a 2010, daga Cibiyar Max Planck ta Jamus. Sun bi diddigin miliyoyin masu amfani da Twitter, wadda aka sake wa suna X a 2023, suka gwada abu uku: yawan mabiyan mutum, da yawan masu yaɗa maganarsa, da yawan masu ambaton sunansa. Sai suka tarar cewa wanda ya fi mabiya ba lalle ne shi ya fi samun masu yaɗa zancensa ba. Suka kuma lura cewa tasiri ba ya faɗo wa mutum haka kawai, sai wanda ya dage, ya tsaya a kan fanni guda har aka san shi da shi. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Malamin zaure da ya shekara talatin yana karantar da fiƙihu, in ya yi fatawa unguwa ta ɗauka, ko da ɗalibansa ba su wuce ashirin ba.

Sa'an nan ga ciniki. A Janairun 2018 jaridar New York Times ta tona asirin kamfanin Devumi, wanda ke da shafukan jabu kimanin miliyan uku da rabi, ya kuma sayar da mabiya fiye da miliyan 200, domin shafi ɗaya yakan bi masu saye da yawa. A Yulin shekarar Twitter ta yi shara, manyan mutane suka wayi gari miliyoyi sun zube daga lissafinsu. Hausawa sun ce mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

Ganin haka, sai masu talla suka koma ƙidayar hulɗa, watau masu danna alamar so, da masu mai da martani, da masu turawa gaba. Wannan ya fi, amma fa shi ma da sauran rina a kaba. Takardun da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 Facebook ta riƙa ba alamun motsin rai, har da ta fushi, nauyin alamar so biyar, kafin daga baya a sauke ta fushin. Ma'anar wannan ita ce mai tsokanar faɗa ya fi mai ilmantarwa samun fage. Zagi dubu da godiya dubu duk lamba ɗaya ce a wurin na'ura.

Saboda haka ku ma'aikata, musamman na lafiya da na yaɗa labarai, in an kawo muku wani mai suna a intanet a ce a ba shi kwangilar faɗakarwa a kan allurar rigakafi, kada ku tsaya ga lambar da ke saman shafinsa. Ku buɗe martanin da ake mayar masa ku karanta ɗari daga ciki. Da wane harshe ake rubutawa? Daga wane gari? Tambaya suke yi wadda ke neman amsa, yana kuwa amsawa, ko kuwa kirari ne na 'yan amshi, kalma ɗaya ana ta maimaitawa? Bayan mako biyu kuma ku je asibitin unguwa ku duba rajista, ku tambayi matan da suka kawo 'ya'yansu a bakin wa suka ji.