WANDA KE TSAYE BAYAN LIMAN

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman matasa na mako-mako, a kan yadda ake zaɓen mataimakin shugaban ƙasa. Mun kawo shi yadda ya yi shi, in ban da ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S), 'yan uwa, ni ba malami ba ne, almajiri ne kamar kowa a nan. An umurce ni ne in ɗan yi magana a kan yadda masu neman shugabancin ƙasar nan suke ɗauko mataimakansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, sai a gyara mani.

Bari in fara da abin da duk muka sani tun muna Islamiyya. Idan liman yana cikin salla alwalarsa ta warware, zai jawo wani daga bayansa ya ƙarasa wa jama'a. Shi ya sa ba kowa ake so ya tsaya daidai bayan liman ba, sai wanda ya san hukunce-hukuncen salla, domin ba a san lokacin da za a bukace shi ba. To, 'yan uwa, mataimakin shugaban ƙasa shi ne wannan mutumin da ke bayan liman.

Wannan ba ƙiyasina ba ne, haka tsarin mulkinsu na 1999 ya tanada. Sashe na 142 ya ce takarar mutum ba ta inganta sai ya kawo abokin takara daga jam'iyyarsa. Sashe na 146 kuma ya ce idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimakin ne zai hau. Wato duk wanda ya dangwala wa ɗan takara, ya sani ko bai sani ba, mutum biyu ya zaɓa.

Amma da wane ma'auni 'yan siyasa suke ɗauko wannan mutumin? Da lissafin ƙuri'a. Doka ta ce kafin a ci zaɓe, ban da rinjaye, sai an samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Saboda haka ɗan Arewa kan nemi ɗan Kudu, ɗan Kudu kan nemi ɗan Arewa. Haka Shagari ya ɗauko Alex Ekwueme a 1979, haka Obasanjo ya ɗauko Atiku a 1999. Ana duba daga ina mutum ya fito, wane addini yake yi, gwamnoni nawa ke bayansa. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: idan ta Allah ta kasance, wannan zai iya riƙe jama'a?

Ga misalin da ya faru a kan idon iyayenmu da yayyenmu. A zaɓen 2007 jam'iyyar PDP ta tsayar da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta haɗa shi da Goodluck Jonathan, gwamnan Bayelsa, a lokacin da rikicin yankin Neja Dalta ke ci. Ba boyayyen abu ba ne cewa Malam Umaru ba shi da cikakkiyar lafiya, domin ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe aka kai shi asibiti a Jamus. Duk da haka hankalin jama'a yana kan na gaba, kaɗan ne suka tsaya suka dubi na bayansa.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da shi zuwa Jidda neman magani, bai miƙa wa majalisa takardar riƙon ƙwarya ba. Kwana 78 ƙasa tana zaune haka, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta ce larura ta sa Jonathan ya zama muƙaddashi. Ranar 5 ga Mayu 2010 Allah Ya yi wa Malam Umaru rasuwa, washegari aka rantsar da mataimakinsa. Mutuwa rigar kowa ce, amma a lissafin 'yan siyasa ba a ajiye mata gurbi.

Ku dubi yadda abin ya gangaro. Jonathan ya ɗauko gwamnan Kaduna, Namadi Sambo, ya zama mataimakinsa, sai Patrick Yakowa da ke bayan Sambo ya zama gwamna. A Disambar 2012 Yakowa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa, sai Mukhtar Ramalan Yero ya hau. Shi kansa Jonathan ta haka ya zama gwamna a 2005, bayan an tsige maigidansa. Ka ga ke nan hawan mataimaki ba abin da ke faruwa jefi-jefi ba ne a ƙasar nan. Kuma rasuwar Malam Umaru ce ta buɗe gardamar ko juyin wane yanki ne a zaɓen 2011, zaɓen da aka yi tarzoma a bayansa, wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci rayuka sama da 800. Yawancin waɗanda ke kan titi a ranakun nan matasa ne irinmu, ba 'ya'yan waɗanda suka zauna a ɗaki suka yi lissafin ba.

Na san wani zai ce, ai magani shi ne a samu Musulmi sama, Musulmi ƙasa. To, an taɓa yi. A zaɓen 12 ga Yuni 1993, Abiola da Baba Gana Kingibe duk Musulmi ne a jam'iyyar SDP. Soja suka soke zaɓen. A Nuwambar shekarar Kingibe ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha, Abiola kuwa aka tsare shi a 1994, ya rasu a tsare a Yulin 1998. Ba na hukunta zuciyar kowa, shi ya san dalilinsa. Abin da nake nuna maku shi ne, haɗa addini a takardar zaɓe bai tabbatar da cewa za a tsaya tare ranar wuya ba.

A Yulin 2022, da Tinubu ya bayyana Kashim Shettima a Daura, mun ga yadda aka kwashe watanni ana musu a majalisu da wayoyi, har abokai suka daina gaisawa. Shi ma Atiku da ya ɗauki Ifeanyi Okowa ya bar Nyesom Wike, jam'iyyarsa ta dare, gwamnoninta biyar suka juya masa baya. Duk wannan hayaniya a kan wa zai kawo ƙuri'a ne da wa aka ɓata wa rai. Mu nawa ne muka tambayi yadda waɗannan mutane suka riƙe jihohinsu?

Saboda haka, 'yan uwa, duk ranar da aka sake kawo maku sunan wani mataimaki, kada a fara da tambayar garinsu. Ku bincika amanar da aka taɓa ba shi, ya ya fita da ita? Ma'aikata sun sami albashi, asibiti ya sami magani? Ku bincika ko yana iya duban maigidansa ya ce masa ya yi kuskure, domin wazirin da bai san komai ba sai ranka ya daɗe, ba mataimaki ba ne, bafade ne. Sannan ku ɗauka cewa gobe shi ne a kan kujerar. Idan zuciyarku ba ta natsu da hakan ba, to kada wani ya ba ku taliya ko dubu biyu ya ce ku je ku yi faɗa a kansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu kanmu wannan darasi ya shafe mu. A ƙungiyoyinmu na unguwa da makarantunmu na dare, sau nawa muke naɗa mataimaki don kawai kada wane ya yi fushi? Ranar da shugaban ya yi tafiya sai karatu ya tsaya cak. Mu gyara namu tun kafin mu nuna wa wasu yatsa.

A nan zan dakata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, Ya sa mu gama lafiya.