Wayar Intanet da Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Darasi daga Ƙasar Daura



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai sarrafa wayar intanet don amfanin sana'arsa. An ɗauki Sandamu a matsayin misali, watau ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure. Wannan yanki ne na manoma da masu cinikin hatsi da dabbobi, ga shi kuma dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, saboda haka abokin cinikin mutum yana iya kasancewa a kasuwar Dawanau ta Kano, ko a Matamaye, ko a Damagaram. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, arahar kira ita kaɗai ba ta tsare dukiya. Abin da ke tsare ta shi ne sanin wanda ya mallaki lamba, da inda aka ajiye bayanan ciniki, da abin da za a yi ranar da sabis ya ɗauke.

Daga Ɗan Aike zuwa Wayar Salula

A dā, mai hatsi a Sandamu in yana son sanin farashin gero a Kano, sai ya jira direban mota ya dawo, ko ya tashi ɗan aike. Wayar tarho kuwa ta ofisoshin gwamnati ce da gidajen manyan attajirai. Ko bayan da aka kafa kamfanin NITEL a 1985 al'amarin bai sake sosai ba, domin har zuwa farkon 2001 layukan waya a Nijeriya duka ba su wuce kimanin 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, sa'an nan Globacom ya shigo a 2003 da tsarin biyan kuɗin kira daƙiƙa-daƙiƙa.

Duk da wannan ci gaba, mutumin bakin iyaka bai huta ba. Matamaye ta fi Kano kusa da Daura, amma kiran Matamaye kiran ƙasar waje ne, kuɗinsa ya ninka na kiran Kano. Wannan giɓi shi ne wayar intanet ta zo ta cike.

Yadda Wayar Intanet ke Aiki

A wannan tsari, waya takan mayar da muryar mai magana ta zama lambobi, ta yanyanka su ƙanana-ƙanana, ta aika da su ta hanyar intanet, wayar mai saurare kuma ta harhaɗa su su koma murya. Kuɗin da ake biya na data ne kurum, kuma minti ɗaya na magana galibi ba ya cin megabait guda. Nisa ba ya ƙara kuɗi, iyakar ƙasa ma haka. Manhajar Skype ce ta yaɗa wannan hanya a duniya daga 2003, amma wadda ta kai ta hannun talaka ita ce WhatsApp, wadda ta fara kiran murya a 2015, ta kuma fito da nau'i na musamman don 'yan kasuwa a 2018.

Sai dai tsarin yana da rauninsa. Idan sabis ya yi ƙasa, wasu daga cikin yankakkun muryar sukan makara ko su ɓace a hanya, shi ya sa magana ke tsinkewa, har "dubu sittin" ta zama "dubu shida" a kunnen mai saurare. Don haka duk cinikin da aka ƙulla da baki, ya kamata a bi shi da rubutaccen saƙo mai ɗauke da yawan buhuna da farashi da ranar biya, abokin ciniki kuma ya amsa da cewa ya yarda.

Mallakar Lamba

A yau lambar waya ita ce ƙofar shago. Da ita abokan ciniki suka san mutum, ita ke haɗe da asusun bankinsa, ita ce kuma mabuɗin WhatsApp ɗinsa. Tun watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma wanda sunansa ke kan rajista shi kamfanin waya ya sani a matsayin mai layi.

A ɗauka wani dattijo mai cinikin wake da riɗi ya aiki yaron shagonsa ya yanko masa layi, yaron kuwa ya yi rajista da sunan kansa don gudun ɓata lokaci. Shekara biyar ana ciniki da wannan lamba. Ranar da suka rabu, ko wayar ta faɗi a kasuwar Mai'aduwa, dattijon ba shi da ikon karɓo layin, abokan cinikinsa kuma za su ci gaba da kiran wani suna zaton shi ne. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: layin sana'a ya kasance da sunan mai sana'a.

Na biyu, a sa wa WhatsApp lambar sirri ta matakin tsaro na biyu. Lambobi shida da kamfani ke turowa ta saƙo kuwa, ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga banki yake ko daga ƙungiyar 'yan kasuwa. Da waɗannan lambobi ne macuta ke ƙwace asusun mutum, su riƙa neman rance da sunansa a wurin waɗanda suka amince da shi.

Ajiyar Bayanai

Littafin bashi na takarda yana iya jiƙewa ko gara ta ci shi, amma waya ta fi shi saurin salwanta. Wajibi ne a kunna ajiyar saƙonni da lambobin mutane a asusun intanet, yadda in waya ta ɓace za a sauke su a sabuwa. Bugu da ƙari, a riƙe littafin takarda a gefe, a riƙa kwafe manyan basussuka da lambobin manyan abokan ciniki a cikinsa kowane mako.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa ga karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, ya kuma buɗe ƙofa ga masu nuna hoton shaidar biya na ƙarya. Ƙa'ida a nan guda ce: kaya ba sa fita sai mai kaya ya duba asusunsa da idonsa ya ga kuɗi sun shiga.

Ranar da Sabis ya Ɗauke

Wayar intanet tana tsaye ne a kan wuta da sabis, kuma kowannensu ya taɓa yankewa. A watan Satumba na 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Jibiya. Yankin Daura bai shiga ciki ba, amma duk mai abokin ciniki a waɗancan garuruwa ya ji a jikinsa. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna suka tawaya. A watan Oktoba na shekarar kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako ba wutar lantarki. Ita kanta Skype, wadda ta yi tashe shekara da shekaru, an rufe ta a watan Mayu na 2025.

Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramin farantin hasken rana da batirin ajiya sun isa su riƙe waya da na'urar POS. Layi biyu na kamfanoni daban-daban sun fi layi ɗaya, tare da ɗan kuɗin kira na yau da kullum, domin sau da yawa kira yana shiga a inda data ta gaza. Haka nan yana da kyau a ware wa waya kasonta a lissafin wata, kamar kuɗin dako da na rumfa, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan farashin sadarwa a watan Janairu na 2025.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kula da na'urorin sadarwa a ƙaramar sana'a bai buƙaci injiniya ba. Tsari ne irin wanda ɗan kasuwar ƙasar Hausa ya daɗe da sani: mabuɗin rumbu yana hannun mai rumbu, bashi kuma da shaida ake bayar da shi. Nauyin da ya rataya a wuyan ɗalibai shi ne, in sun koma gida hutu, su zauna da iyayensu su duba sunan da ke kan layi, su kunna lambar sirri da ajiya, sa'an nan su bar mabuɗin a hannun mai dukiya. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, musamman malaman gona da jami'an kasuwa, su ne suka fi kusa da waɗannan mutane, kuma bayani da Hausa a ranar kasuwa zai fi takardar sanarwa da Turanci isa inda ake so.