Biyayya da Alheri: Wanne Ne Gaba?



An nemi in yi magana a kan wata tambaya da ta daɗe tana tayar da gardama tsakanin mabiya Almasihu, wato shin mutum yana samun ceto ne ta wurin kiyaye dokokin Allah, ko kuwa ta wurin alherinsa? Na san yawancin waɗanda ke zaune a nan 'yan'uwanmu Musulmi ne, waɗanda muka ci tuwo a kwano ɗaya da su a makaranta, don haka zan faɗi abin da mu Kirista muka gaskata a sauƙaƙe.

Gardamar ba ta yau ba ce. A littafin Ayyukan Manzanni sura 15, manzanni sun taru a Urushalima domin wasu sun ce sai al'ummai sun yi kaciya sun kuma bi Shari'ar Musa kafin su sami ceto. Taron bai yarda da haka ba. Maganar ta sake tashi a Jamus a 1517 ta bakin Martin Luther, har ta raba ikkilisiya. Sai a 1999 Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a birnin Augsburg cewa ceto kyauta ce ta Allah, ayyukan kirki kuwa 'ya'yanta ne.

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Batsari ya san Babbar Ruga, inda mishan na SIM suka fara jinyar kutare a ƙarshen shekarun 1930. Wurin yakan tuna mini da labarin kutare goma a Linjilar Luka sura 17. Sun roƙi Yesu jinƙai, ya aike su wurin firistoci kamar yadda Shari'a ta tanada, suna cikin tafiya sai suka warke. Ku lura, aikin firist shi ne ya duba fata ya ce akwai cuta ko babu, amma ba shi da magani. Haka doka take. Tana nuna wa mutum laifinsa, ba ta iya wanke shi. Wankewa sai alheri. Amma cikin goman nan, mutum ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya, shi ne kuma aka yaba wa bangaskiyarsa.

To, a nan ne wasunmu ke tuntuɓe. Sai ka ji mutum yana cewa tunda ceto kyauta ne, bari ya yi abin da ya ga dama. Mu mutanen Batsari da Safana mun san ƙarshen irin wannan tunani. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindigar dajin Rugu, aka yafe musu, aka saki wasu daga cikin mutanensu. Ba a daɗe ba hare-hare suka dawo, har gwamnan da kansa ya ce an ci amanar sulhun. Afuwar da ba ta sauya halin wanda aka yafe wa ba, ƙauyawa ne suka biya kuɗinta da rayukansu da shanunsu. Manzo Bulus ya ƙi wannan tunani a Romawa sura 6, Yaƙub kuma a sura ta 2 ta wasiƙarsa ya kwatanta bangaskiya marar aiki da gawa.

Saboda haka amsata ita ce, alheri ne gaba, biyayya na biye da shi. Manomin rogo a Batsari bai taɓa sayen ruwan sama ba, Allah ne ke ba shi. Amma in ruwa ya sauka ya ƙi ɗaukar fartanya, ciyawa ce za ta cinye gonar. Ba mu yin biyayya don mu sayi ƙaunar Allah, muna yi ne domin mun riga mun same ta. Wanda kuwa ya gane haka ba zai yi fahariya da ibadarsa ba, ba kuma zai ɗora wa sabon mai bi kayan da shi kansa ya kasa ɗauka ba.

Ina roƙon 'yan'uwana Kirista mu gwada kanmu da babbar doka ta ƙaunar maƙwabci. Akwai gwauraye da marayu da rikicin nan ya raba da gidajensu, akwai yaran da suka bar makaranta. Kada mu tambayi addininsu kafin mu taimaka. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawara ta ware wani abu daga kuɗin da muke tarawa domin mayar da ko da yara kaɗan ne aji. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai kowa gida lafiya.