Hannun Maginin Hausa a Ginin Coci: Daga Wusasa Zuwa Gusau



Takardar nan magana ɗaya take ɗauke da ita: mutum na iya tsayawa gaban coci ya yaba aikin magini ba tare da aƙidarsa ta motsa ko da taku ɗaya ba. Kuma a ƙasar Hausa, wanda ya ƙi kallon wasu coci-coci, wani yanki na gadon kakanninsa ya juya wa baya.

Hujjar farko tana Wusasa, a gefen Zariya. Can mishan ɗin CMS, wanda Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birni, ya koma da zama, aka gina Cocin St Bartholomew wajajen 1929. Ba da jan bulo irin na Ingila aka yi shi ba. Tubali ne da azara da yaɓe, aikin maginan Hausa tsantsa. Duk wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ga bakan gizo, irin wanda ke riƙe da rufin soraye a gidajen sarauta. Yadda ake ɗaura shi abin kallo ne: a kafa azara cikin bango, a ɗora wata a kanta ta ɗan zarce gaba, a ɗaure da igiya, a yi ta hawa daki-daki daga ɓangarorin biyu har su haɗe a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Azarar giginya ce, gara ba ta cinta da sauƙi. Kaurin bangon kuwa shi ke sa ɗakin sanyi ko a tsakiyar bazara.

Wannan fasahar ce Babban Gwani ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'ar Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Ke nan sana'a ɗaya ta rufa masallaci ta rufa coci a gari ɗaya, tsakaninsu kusan shekara ɗari.

A Gusau labarin ya sha bamban. Jirgin ƙasa ne ya kawo Kiristoci da yawa, bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanonin gyaɗa da auduga suka zauna a Sabon Gari. A shekarun 1950 limaman Katolika 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka yi sansani a Gusau, inda cocin Our Lady of Fatima yake, kuma ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, shi ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. Gine-ginen wancan zamani na siminti ne da kwano, ba su da ƙawar Wusasa, gaskiya ɗaya ce. Amma suna da abin dubawa: yadda ake ɗaga rufi don zafi ya tashi sama, da yadda ake jera tagogi don iska ta ratsa, a lokacin da babu fanka balle na'urar sanyaya ɗaki.

'Yan Dominikan ɗin nan ne kuma suka ba Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya, aikin cocinsu na Ibadan a shekarun 1970. A 2023 an ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin fasahar gini na Venis, a Italiya.

Akwai mai cewa, to ina batun gumaka da hotuna? Tambaya ce mai kyau, kuma takardar ba ta kiran kowa ya shiga ibadar da ba tasa ba. Sai dai a tuna da Lamidi Fakeye, Musulmi Bayarabe, wanda ya yi aiki da Fada Kevin Carroll ya sassaƙa ƙofofin coci, ya kuma rasu a 2009 yana Musulminsa. A birnin Ƙudus ma, mabuɗin cocin da Kiristoci suka fi girmamawa yana hannun gidaje biyu na Musulmi tun ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya fi damun mai takarda yana nan gida. A Tsafe da Bunguɗu har zuwa Kwatarkwashi, tsofaffin soraye na zubewa, maginan da suka iya ɗaura bakan gizo suna ƙarewa, yaransu sun koma buga bulo. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, babu mai yi masa yaɓe, damina kaɗan ta ishe shi ya zama kufai.

Don haka ake roƙon Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda su tura ɗalibai su auna, su zana, su ɗauki hoton tsofaffin masallatai da zaurukan sarakuna da coci-cocin Sabon Gari, a rajista ɗaya. A kuma nemi sarakunan magina da suka rage a kai su Wusasa tare da ɗaliban, ta hanyar Tsafe da Funtuwa, su nuna musu da hannu inda kowace azara ta kama 'yar uwarta.