Wanda aka ba riƙon makaranta, a ba shi takarda

Mai girma magajin garin Sanam, sarakunanmu, iyayen yara, 'yan'uwana malamai, lokaci kaɗan aka ba ni, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Na taɓa riƙon ƙwaryar wata kwaleji a nan ƙasar Kurfai, bayan an ɗauke daraktanmu ana tsakiyar shekarar karatu. Darasin farko da na koya: a yankinmu riƙon ƙwarya ya daina zama abin 'yan kwanaki. Dokar ta-ɓaci da aka sa tun 2017 kun san ta. Harin 25 ga Disamba 2019 kusa da garin nan, inda aka kashe jami'an tsaro 14 masu rakiyar ma'aikatan rajistar zaɓe, ba sai na tuna muku ba. Shi ya sa wanda aka turo daga nesa yakan yi jinkirin isowa, wani ma ba ya zuwa. Sai a kira malamin da ke wurin, sau da yawa ɗan kwantaragi, a ce masa ta waya: "Riƙe mana."

Nan gardamata take. Kiran waya ba naɗi ba ne. Malamin da ya saba makara, da wane ƙarfi za ka tsawata masa, alhali jiya tare kuke jiran albashi, kuma babu takardar da ta ce kai ne babba?

Ku dubi kwamitin gudanar da makaranta, COGES. Darakta ne sakatarensa, iyaye ke riƙe da shugabanci da ma'aji. Darakta na tafiya, littafin kuɗi ya zama maraya. Gudummawar da iyaye suka tara bayan girbin hatsi, nawa ta rage? Benci nawa aka bari, nawa suka karye? Takardun haihuwar yaran da za su zauna jarrabawar BEPC suna hannun wa? Ba wanda ya ƙirga gaban shaidu. Ranar da aka rasa jaka goma, mai riƙo ake zargi, shi kuma ya zargi wanda ya tafi, iyaye su janye hannunsu. Baɗi ka nemi zana da itacen gina aji, ba mai ba ka. Azuzuwan zanan nan kuwa, gobarar Maradi ta Nuwamba 2021 ta nuna mana haɗarinsu. Allah ya kiyaye, in ta faru a hannun mai riƙo, shi za a fara tambaya, ko da takarda ko babu.

Na ji wasu na cewa takarda za ta sa mai riƙo ya ɗauka kujerar tasa ce. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, magana ta mutu.

Shawarwarina uku ne, kuma na daɗe ina maimaita su. A ba mai riƙo takardar naɗi a makon da ya karɓi aiki. Kada darakta ya bar gari sai an ƙirga kuɗi da kaya da takardun yara gaban COGES da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, kowa ya sa hannu. Sannan alawus ɗin shugabanci ya bi wanda ke yin aikin. Magajin gari, ta biyun ba ta buƙatar izinin Yamai. Kuna iya fara ta a buɗe makarantu na Oktoba mai zuwa.